Baturen da ya zaunar da Baba a falo

Jiya maƙwabcina a nan Lyon ya ƙure muryar talabijin, sai na jiyo irin dariyar nan ta 'yan kallo da ake sakawa cikin shirin barkwanci. Ta mayar da ni gidanmu na Saint-Denis, shekarar da kakata ta wajen uwa ta zo daga Damagaram a yi mata aikin ido.

A garinsu suruki ba ya zama wuri ɗaya da uwar matarsa, ba ya cin abinci a gabanta, ba sa haɗa ido. Can akwai zaure, akwai tsakar gida. Mu kuwa ɗaki biyu ne da falo a saman bene. Sai Baba ya riƙa gaishe ta a durƙushe daga bakin ƙofa, ya wuce kicin ya ci tuwonsa a tsaye. Ranar Lahadi ya tafi unguwar Goutte d'Or ya yini a shagon abokinsa, ga shi lokacin sanyi ne.

Kaka ta lura. Da aka gama ido ɗaya ta ce wa Mama a nemo mata tikitin komawa.

"Ɗayan ya ishe ni. Ba zan kori mutum daga gidansa ba."

Likita kuwa ya riga ya ce in aka bar na biyun, rasa shi za ta yi.

Muna da faifan wani ɗan wasan barkwanci na Ingila wanda da ƙyar yake furta kalma, fuskarsa da gaɓoɓinsa ke yi masa magana. Shi kaɗai Kaka ke ganewa a talabijin. Wata Lahadi ruwan sama ya hana Baba fita, mu kuwa mun saka faifan. Zai wuce kicin ke nan, Baturen na kokawa da laimar da ta ƙi rufuwa a ƙofar bas. Baba ya tsaya, dariya ta kuɓuce masa.

Kaka ba ta juyo ba. Ni ta yi wa magana.

"Ke, tambayi babanki, wannan bawan Allah ba shi da dangi ne, aka bar shi yana yawo haka?"

Baba ya ce, "Gaya wa Hajiya lafiyarsa ƙalau. Sana'arsa ke nan. Har fina-finai yake yi, duniya ta san shi."

"Sana'a! To ce masa ya zauna, ya tare min hasken taga."

Ya zauna a kujerar da ke bayan tabarmarta. Kowa idonsa na kan allon talabijin, don haka ba wanda ya keta al'ada. Mama ta kawo shayi, ya sha. Haka Lahadi ta zama daga ranar, ni ce mai kai saƙo a tsakaninsu, kuma ba a sake tayar da maganar tikiti ba. Da sanyi ya wuce aka yi ido na biyu.

Na girma na ga hira da Baturen, ya yi furfura, yana magana a natse. Kaka ba ta taɓa yarda yana da baki ba. Har ta rasu tana roƙa masa Allah ya buɗe masa shi.

Kwanan baya Mama ta kawo mana ziyara. Mijina, haifaffen nan, ya zauna kusa da ita a tebur, yana zuba mata miya, yana kallon idonta yana hira. Ta yi ta amsa masa da fara'a. Sai da ya fita ta ɗauki cokali.