Ramin da Ba Shi da Lamba

Wata rana da hantsi, wata ɗalibar digiri na uku mai suna Barira ta faɗo majema a gigice, ko mayafinta ba ta gyara ba.

Shekara biyu tana farautar fumfuna, wadda ke fitowa a kan abin da ya ruɓe. Akwai wata iri mai fitar da sinadarin da ke zubar da gashin fata ba tare da guba ba. In ta ciro ƙwayar halittar da ke sa ta yin haka, kamfanonin fata sun huta, ita kuma digiri ya tabbata.

Kwalba arba'in ta tara daga ramukan jiƙa fata. Guda ɗaya tak ta yi aiki.

Sai wuta ta ɗauke kwana uku, janareto ya ƙi tashi, firji ya koma tanda. Fumfunar ta mutu, ga wa'adin bincikenta saura wata biyu.

Ta duba littafinta. Abin da ta rubuta kawai: "Majema, rami na 7."

Da isarta majemar, ta ƙirga ramuka daga gabas, ta ƙirga daga yamma. Ta sake. Gumi har cikin ido. Ramuka sun fi ɗari, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Wani dattijo da ke karce fata ya ɗago kai.

"'Yata, me ya ɓace miki?"

"Baba, rami na bakwai nake nema."

"Nan ramuka ba su da lamba, suna gare su. Ramin wa kika ɗiba?"

Nan boko ya ƙare.

Ya ƙura mata ido. "Au, ke ce mai safar hannun nan ta bara, da kika shigo ba sallama? Ramin Malam Ɗanjuma ne. Har ya biyo ki yana kira, zai nuna miki tukunyar da yake ajiye tsohon ruwan jiƙon da yake zubawa a ramin. Kika ɗaga masa hannu kina waya."

"Ina yake, Baba? Don Allah!"

"Allah Ya yi masa rasuwa da azumi. Magada sun cike ramin, ga shago can a kai, tukunyar ma ba wanda ya san inda take."

Barira ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar fata. Wallahi ta ba ni tausayi, amma ta ba ni haushi.

Darasi: Duk gaggawarka, tsaya ka yi sallama, ka tambayi sunan mai wuri. Minti biyu ne.

Tura wa wannan abokin naka mai wucewa yana ɗaga hannu.