Dabino a Gindin Kofi

Goggon guga muke ce mata, don ita ce a ƙarshen layi. Duk rigar da ta fito daga kekunanmu sai ta bi ta ƙarƙashin dutsen gugarta kafin a ninke ta a sa a leda. Kamfanin ɗinki ne, muna yin rigunan 'yan makaranta da na ma'aikatan asibiti, kuma mata ne zalla in ban da mai gadi da direban motar kaya. Ni aljihu nake ɗinkawa. Shekara da shekaru ina kan aljihun mutane, har in na rufe ido shi nake gani, nawa kuwa ko oho.

Goggo doguwa ce siririya, bayanta ya ɗan ranƙwafa saboda tsayuwa a gaban tebur, hannunta na dama duk tabon ƙuna. Ba ta da yawan magana, amma in ta jefo miki guda sai ki kwana kina juya ta. Mijinta ya rasu tun 'yarsu tana goye, kuma da dutsen gugar nan ta raine ta har ta gama jami'a.

A ƙarƙashin teburinta akwai wani kwali. Cikinsa butar lantarki ce, da kofuna waɗanda babu biyun da suka yi kama da juna, da gwangwanayen madara da ta wanke ta zuba kayan haɗinta: busasshiyar citta, kirfa, kanumfari, da ɓawon lemu da take shanyawa a tagar ɗakinta. Na'ana'a kuwa a tsohon bokitin fenti ta shuka ta, bayan famfon da muke wanke hannu. In aka tashi hutun rana, kekuna suka yi shiru, sai ka ga mata suna jan ƙafa zuwa ƙarshen layi kamar masu bin bashi.

Ba ta tambayar me ke damunki. Kallon tafiyarki kawai take yi. Wadda ta zo tana dafe da goshi za ta samu na'ana'a da ɓawon lemu. Wadda ta kwana jinyar yaro, citta ce da yawa. Wadda shugabar sashe ta wanke tas a gaban jama'a, kirfa da ƙwayar kanumfari. Ko magani ne ko ba magani ba, ni ba likita ba ce, abin da na sani shi ne mukan koma kan keke wuyanmu ya saki.

Sukari dai ba ya shiga kwalin nan. Busasshen dabino take tsagawa biyu, ta cire ƙwallon, ta jefa a gindin kofi, ta zuba ruwan zafin a kai, ta rufe da ɗan faranti. Ranar da na fara sha, a fusace na zo. An dawo min da tarin riguna wai aljihun ya karkace, alhali mai yankan ce ta karkatar, amma ita ƙanwar shugabar sashe ce, wa zai faɗa. Na fizgi kofin a tsaye na kurɓa. Yaji da ɗaci suka haɗu suka ƙona min harshe.

Na ce, "Goggo, wannan ai horo ne. Ina zaƙin?"

Ta ce, "Yana ciki. Bai farka ba ne. Ja wancan kwandon ki zauna."

Na zauna a kan kwandon ƙyallaye ina huci. Ta ci gaba da goge kwalar wata riga kamar ba ta san da ni ba. Na zagi mai yanka a zuci har na gaji, na kalli silin, na kalli ƙafafuna da suka kumbura, na tuna ban ma karya ba. Da na sake ɗaga farantin na kurɓa, sai na ji wani zaƙi mai sanyi ya taso daga ƙasa, ba irin na sukari mai dukan haƙori ba. Na cinye dabinon da ya yi laushi da ɗan yatsa. Ta kalle ni ta gefen ido ta ce, "Ƙanwata, da kin shanye a tsaye da kin tafi kina cewa Goggo muguwa ce."

Haka ta yi mana duka. Mu da muke cin abinci a tsaye, muke amsa wayar makarantar yara a tsaye, har sallah muke yi kamar ana korar mu, ta samo dabarar zaunar da mu ba tare da ta yi wa kowa wa'azi ba. Mutum ɗaya ce dabarar ta ƙi ci a kanta, ita ce 'yar da ta haifa.

'Yar Goggo babbar ma'aikaciya ce a wani kamfanin rarraba magunguna. Kyakkyawa, mai ladabi, ba ta taɓa shigowa ba ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya ba. Ba ta rage uwarta da komai ba, magani ne, sutura ce, kuɗin haya ne. Amma in ta zo, motarta a kunne take barin ta a bakin ƙofa, waya a kunne, makulli a hannu. Goggo kan ɗauko kofin da ya fi kowane kyau, wani mai zanen ganye da ba ta ba kowa, ta haɗa, ta rufe, ta jawo kujera ta goge ta da gefen mayafinta.

"Zauna mana, uwata."

"Inna, wallahi ana jira na. Kawo in sha haka nan."

Sai ta kurɓa a tsaye, ta yamutsa fuska, ta yi dariya. "Har yanzu kina nan da shayinki mai ɗaci. Ban san yadda kuke iya shan sa ba." Ta ajiye, ta rungumi uwar, ta fice. Mu kuwa sai kowa ta sunkuyar da kai kan kekenta, don ba ma son ganin Goggo tana juye kofin a bokiti.

Wata rana na kasa haƙuri, ni da bakina ba ya da linzami. Na ce, "Goggo, ki gaya mata mana. Ki ce ta jira dabinon."

Ta ɗaga dutsen guga ta tsayar da shi. "In na gaya mata, za ta ce in riƙa jiƙa shi kafin ta iso. Tana da wayo ai." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma ni na koya mata gudun. Tana ƙarama nake jan hannunta da safe, yi sauri, yi sauri, za a rufe min ƙofar kamfani. Yarinya ce mai jin magana. Ta ji, har yau ba ta daina ba."

A nan na gane cewa duk matan da take zaunarwa, mu ɗin nan, riƙon ƙwarya muke yi. Abin da take so a duniya bai wuce 'yarta ta zauna a gabanta ba, babu makulli a hannu, har kofi ɗaya ya yi zaƙi. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin yarinyar, duk da na san ba ta yi laifin komai ba.

Da gwiwoyinta suka ƙi, ta ajiye aiki, 'yar ta ɗauke ta ta koma da ita gidanta a can ɗaya gefen gari. Ta bar mana kwalin. Mun yi ƙoƙari, Allah ya sani. Mako bai cika ba wata ta kawo sukari a leda, kafin wata ya ƙare kowa ta koma sha a tsaye, na'ana'ar ta bushe a bokitinta. Wadda aka sa a teburin guga yarinyar kirki ce, amma har yau in na kai riga ƙarshen layi sai na ɗaga ido ina neman Goggo. Ina kewar matar nan fiye da yadda nake kewar wasu 'yan uwana na jini.

Ranar wata Asabar na hau bas biyu na je gaishe ta. Gida ne mai kyau, ko'ina tas, shiru kamar asibiti. 'Yar ba ta nan, wai taro ya taso. Na zaci zan tarar da Goggo ta lalace, sai na same ta fuska a sake, har da ɗan kumatu. Ta haɗa min na citta, muka zauna a kicin.

Ta ce da farko zaman ya fi na da ciwo. Gida ɗaya suke kwana, amma sai ta yini ba ta ga 'yar ba, in ta dawo kuma a tsaye take cin abinci tana duba kwamfuta. Sai ranar da za a duba mata gwiwa a asibiti, 'yar ta ce za ta sauke ta a hanya. Goggo ta zuba shayin a irin kofin nan mai murfi na cikin mota, don kada a ce ba ta yi ba. Kafin su kai mahaɗar da ake gina gadar sama, hanya ta cushe. Gaba mota, baya mota, ga jami'an hanya suna zagayawa, ba damar riƙe waya. 'Yar ta yi tsaki, ta yi ƙorafi, har ta gaji. Can ta miƙa hannu ta ɗauki kofin.

"Sai ta ce min, Inna, yau sukari kika sa? Na ce ban sa ba. Ta ce to me ya faru? Na ce ki shanye dai."

Tun daga ranar kullum da safe Goggo take shiga motar. Ta ce wa 'yar wai likita ya ce ta riƙa motsa ƙafa, kuma kasuwar kusa da ofis ta fi sabon ganye. A ƙofar ofis take sauka, ta lallaɓa da gwiwoyin nan ta hau bas ta dawo gida.

Na ce, "To me kuke cewa a hanyar?"

"Ba komai fa. Wani lokaci ta cire takalmi. Ta ba ni labarin wani shugabanta na ofis da ba ya gode wa kowa. Rannan ta tambaye ni wai babanta yana da wushirya. Shekaran jiya ta yi kuka, ba ta ce min don me ba, ni ma ban tambaya ba." Ta murza kofinta a tafin hannu. "In na hango motoci sun yi layi, ƙanwata, sai in ji kamar an yi min albishir. Kowa yana zagi, ni ina hamdala a zuci. Duk garin nan ina jin ni kaɗai ce ba na son a gama gadar nan."

Muka yi dariya, amma da na fito na bi ta mahaɗar a bas, na ga har an fara shafa wa gadar fenti.

An buɗe ta a farkon watan nan. Ni kaina na amfana, yanzu nakan isa aiki kafin shugabar sashe, abin da ban taɓa yi ba. Jiya da safe ina zaune a gaban keke ba a fara aiki ba, sai na ce bari in kira Goggo, na san war haka suna hanya, in gaishe su su biyu. Bugu ɗaya ta ɗauka. Na kasa kunne ban ji ƙarar mota ba, ban ji hon ba.

"Goggo, ba ku fita ba ne?"

Ta ce, "Ta fita. Ta ce ba sai na wahalar da ƙafata ba, yanzu hanyar ba nisa."