Ƙarfen Bayan Moto

Shekarun baya, lokacin da baburan China suka fara cika Wagadugu, idon mahaifina ya soma tafiya. Tsohon direban babbar mota ne daga Nijar, ya ajiye sitiyari ya kama lambu a bakin barajin Tanghin, wato madatsar ruwa. Daga unguwarmu Zongo zuwa can ba tafiyar mai lalube ba ce, sai ya zama dole in sayi moto, kamar yadda muke kiran babur, wanda zai ɗauke mu mu biyu a waɗannan hanyoyi masu rami da laka.

Ni ne ɗan fari, Baba kuwa mai kunyar ɗan fari ne ta gaske. Bai taɓa faɗin sunana ba, "kai wannan" nake. Ƙannena sun hau cinyarsa sun ja gemunsa, ni ko hannunsa ban san ɗuminsa ba.

Muka tafi wani shago a Paspanga, muka tsaya a kan biyu. Akwai ja, mai gajeren wurin zama, babu abin riƙewa a baya. Akwai baƙi, dogo, da ƙarfe a bayansa wanda fasinja zai kama. Mai shagon ya ce jan ya fi ƙarfi a laka, sai dai dole tsoho ya rungume ni in ba ya son ya sha ƙasa.

Ba zan ɓoye muku ba, da na ji haka sai da murna ta kama ni. Ƙato da ni, da gemu da 'ya'ya, na kama yabon jan nan kamar ni na ƙera shi. Ba ya shan mai, ga tayoyi, ga kyau. Baba kuwa yana ta shafa baburan da tafin hannu yadda yake duba mota a da. Da hannunsa ya kai kan ƙarfen baƙin sai ya tsaya, ya damƙe.

"Kai wannan, wanne ka gani? Kai ne mai tuƙi."

Na dubi hannun nan, na ce, "Baƙin, Baba."

Haka muka yi ta zirga-zirga, shi a can ƙarshen kujera, tsakaninmu ko ɗan akuya zai zauna. Sau ɗaya tak, wata damina, na faɗa rami kusa da lambun, goshinsa ya bugi bayana, hannunsa ya cafke rigata. Na rage gudu da gangan, ina addu'ar kada ya saki. Muna fita daga lakar ya mayar da hannunsa kan ƙarfe, ya ce mini sannu, irin wadda ake yi wa baƙo.

Damina ta gaba ba da shi aka yi ba.

Na san na yi daidai. Na tsare masa kunyarsa, kuma bai taɓa faɗuwa a bayana ba. Amma har yau abin yana ci mini rai, don da na dage a kan jan da ba shi da zaɓi. Moton ya daɗe da mutuwa, yana jingine a tsakar gida, masu sayen ƙarfe sun gaji da tambaya. Fentin ƙarfen bayan ya goge a wuri biyu, daidai inda yake riƙewa. In na zo wucewa nakan ɗora hannuna a wurin.