Dattijuwar Ƙarshen Layi a Filin Harbi

Mai koyar da harbin baka tana raba wa sababbin ɗalibai kaya, amma hankalinta yana kan wata dattijuwa da ke ƙarshen layi. Ɗankwalinta ya kwanta luf a kai, alamar babu gashi a ƙarƙashi. Zobenta ma sai da ta naɗe shi da zare don kada ya zame. Tsayuwarta irin ta wadda ta shekara talatin a gaban allo ce, ko da yake wa ya sani?

Ta zaɓi baka mafi sauƙin ja, mai lanƙwasassun kunnuwa. Tana jan tsirkiya, kafaɗarta tana rawa, kibiyar ta faɗi ko rabin hanya ba ta kai ba.

"Mama, ga abin kare ƙirji," in ji mai koyarwar. "Tsirkiya tana dukan mata a nan."

Dattijuwar ta yi murmushi, ta dafa gefen hagu na rigarta, inda babu komai.

"Bar shi, 'yata. Likita ya riga tsirkiya zuwa. Shi ya ce in riƙa motsa hannun."

Babu wanda ya rako ta. Ta goge gumi, ta zaro wata kibiyar daga kwari.