Ranar da Baba Ya Yi Tayin Lemun Umma

Wata Asabar ce a farkon watan Disamba, a tsakiyar shekarun saba'in, ina da shekara tara, na manne goshina a gilashin tagar ɗakin kwananmu da ke bene na biyu a unguwar Plumstead ta London ina kallon Babana yana cusa bishiyar lemun tsamin mahaifiyata cikin baƙar tasi. Tukunyar ta yi masa nauyi, ya rungume ta a ƙirji, ƙayoyin suna kama masa rigar sanyi, direban kuma ya fito yana ta mitar kada a zuba masa ƙasa a kujera. Lemo uku ne a jikinta, kore shar, ina ganinsu suna lilo duk sa'ad da Baba ya motsa. Umma tana kicin tana wanke kofunan shayin baƙi. Kofi huɗu ne kacal, amma ta saki famfo har ƙarshe, ta fi rabin awa a kansu. Yau na yi jikoki, Baba da Umma duk ƙasa ta rufe musu ido, amma wallahi idan na tuna ranar nan har yanzu sai takaici ya kama ni.

Bishiyar nan ba daga kanti ta fito ba. Gwamnati ce ta turo Baba karatu a wata kwaleji a Bloomsbury, aka ce shekara biyu, karatu ya yi ta ja har muka shekara bakwai. Ina da shekara huɗu muka biyo shi ni da Umma. Ranar da za mu bar Gezawa, kakata Inna, wadda ta haifi Umma, ta ɗaure mana kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, sannan ta zagaya bayan rijiya inda bishiyar lemun tsaminta take, ta ciko ɗankwali. "An ce can sanyi ba magana," in ji ta, "mura ba za ta raga muku ba, ki riƙa matsa wa yarinyar nan a ruwan zafi." Haka kuwa aka yi, murar ta zo, lemon ya yi ta raguwa. Da ya rage saura ɗaya sai Umma ta cire 'ya'yan cikinsa, ta huda gindin gwangwanin madara da ƙusa, ta ɗebo ƙasa a ɗan filin bayan gida ta binne su. Biyu suka tsiro, sanyin farko ya tafi da ɗaya. A shekara ta biyu wata shuɗiyar wasiƙa ta iso, ɗauke da labarin Inna ta rasu, an ma yi sadakar bakwai tun kafin takardar ta baro gida. Ba a jima ba wata ta biyo bayanta, cewa an raba gado, kawuna ya sare bishiyar bayan rijiya ya kafa shago a wurin, don lokacin kowa gini yake yi. Daga ranar Umma ta daina cewa "lemon nan", ta koma cewa "lemun Inna".

Wanda bai taɓa renon icen ƙasar zafi a London ba, ba zai san wahalar ba. Rana a lokacin sanyi leƙowa kawai take yi ta koma, don haka tukunyar tana zaune a tagar falo, wadda ta fi kowace samun haske, kuma aikina ne kowace safiya kafin in tafi makaranta in juya ta kaɗan, don kada bishiyar ta karkace ta bi gilashi. La'asar na yi sai mu ja ta baya mu biyu, saboda gilashin kansa sanyi yake hurowa. Kusa da hitar kananzir ma ba ta so, ganye sai ya bushe ya zube, sai Umma ta auna taku uku daga hitar ta yi alama da alli a ƙasa. Ruwan famfo, mai barin farin ɓawo a cikin butar shayi, yana sa ganyenta ya yi rawaya, don haka ruwan sama take sha. Ni nake sauka bayan gida in kinkimo bokiti, yatsuna sun ƙage, in hau bene ina haki, sannan a ajiye shi a falo sai ya huce sanyinsa, Umma ta taɓa da gwiwar hannu yadda ake gwada ruwan wankan jariri. Ɓawon ƙwai da ganyen shayi ba a zubar da su a gidanmu, nata ne. Ranar Lahadi muna goge ganye ɗaya bayan ɗaya da tsumma da ruwan sabulu saboda wasu ƙananan ƙwari masu liƙewa a bayansa. Tukunyar kuwa, da sanyi ya shigo, sai a sa mata tsohuwar suwaitar Baba mai ruwan ƙasa, a ɗaure hannuwan ta baya. Ina mita, ba zan ɓoye ba. Amma idan Umma ta murza ganye ɗaya a yatsunta ta kai mini hanci ta ce, "Shaƙi, Binta, haka tsakar gidanmu yake da hantsi," sai in shaƙa in daina mitar, don ni ban tuna tsakar gidan ba, ta nan kaɗai na san shi.

A shekara ta biyar ta yi fure. Tun daga matakala ake jin ƙanshin. Da yake babu ƙudan zuma a bene na biyu, Umma ta zaro gashin tsuntsu daga matashin kai, ta riƙa bin furannin tana shafa wannan tana shafa wancan, tana addu'a a hankali. Yawancinsu suka kaɗe, uku suka kama. Ni kuwa bakina bai iya riƙe magana ba. A makaranta malamarmu ta sa kowa ya shuka wake a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, yara suna ta murna wai sun yi noma, na ce mu a gidanmu bishiya guda gare mu mai 'ya'ya. Wata yarinya mai jan gashi, wadda ita ce ke riƙe igiyar tsalle a filin wasa kuma ita ke zaɓar wanda zai shiga, ta ce ƙarya nake, irin wannan ba ya fitowa a Ingila. Na rantse zan kawo ta gani. Umma ta yi mini alkawarin ɗaya. Na biyu ta ce za ta bari ya nuna sosai har ya yi rawaya, ta cire 'ya'yansa ta shuka, don idan wani abu ya sami uwar a sami madadi. Na ukun ba ta faɗi abin da za ta yi da shi ba, ni ma ban tambaya ba.

To, shekarun nan ne kuɗin man fetur ya ɓalle a gida. Jirgi ba ya sauka sai da mutanenmu, masu zuwa ganin likita da masu zuwa sayayya, kuma duk wanda ya san wanda ya san Baba sai ya zo flat ɗinmu cin tuwo. Umma ba ta taɓa ɓata rai ba. A cikinsu akwai Hajiya Talatu, matar maigidan Baba a ma'aikatar da ta turo shi karatu, waɗanda suka sayi gida sukutum a arewacin London. Ita ce ta zo a Asabar ɗin nan, da rigar gashi a kan leshi, awarwaron gwal har gwiwar hannu. Ta yi ƙorafin bene, ta yi ƙorafin warin kananzir, ta sha shayi, sannan idonta ya faɗa kan taga. "Kai! Lemun tsami a London? Har da 'ya'ya? Wannan abu da kyau yake." Baba, yana murmushi, ya ce, "Ai naki ne, Hajiya."

Jama'a, ina dalili! Wane ɗan Bahaushe ne bai san tayi ba? Kana cin abinci wani ya zo wucewa, ka ce bismilla, ya ce alhamdu lillahi, kowa ya kama gabansa. Ka yaba hular mutum, ya cire ya miƙo maka, kai kuma ka ce a'a, kai ta fi yi wa kyau. Mai yi ya san ba za a karɓa ba, wanda aka yi wa ya san ba a karɓa, mutunci ne ake miƙa wa juna a mayar. Tun ina ƙarama na san wannan, balle Hajiya da ta haifa ta aurar. Amma baiwar Allahn nan ta ajiye kofi ta ce, "To madalla, na gode. A kira mini tasi a sa a ciki."

Na ga murmushin Baba ya bushe a fuskarsa. Ya dubi Umma, Umma ta dubi ƙasa. Kalma ɗaya ta isa. Da ya ce Hajiya a yi haƙuri, wannan na marigayiya surukata ne, wa zai tsire shi? Bai ce ba. Umma ma da ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Hajiya, ba ta son sanyi, don Allah kada a bar ta a waje. Kuma ruwan sama take sha." Hajiya ta yi dariya ta ce kada ta damu, a gidanta na Kano irinsa sun fi a ƙirga, babu mai ko kallonsu, suna ta zubar da 'ya'ya. Nan na kasa daurewa, na miƙe na ce da Turanci ba za a ɗauka ba, namu ne. Baba ya zaro mini ido ya ce, "Binta! Ba ki da kunya? Wuce ɗaki." Ni ce ma marar kunyar, ku ji fa. Haka na wuce ɗaki na manne a taga.

Bayan kwana biyu Baba ya shigo da jakar takarda ya ajiye a gaban Umma. Lemon Turawa ne, manyan nan masu rawaya da kaurin ɓawo, ko iri ɗaya ba su ba ne. Umma ta ce, "An gode," ta jera su a faranti a kan tebur, suna nan har suka yamushe aka zubar. Alamar allin da ke ƙasa ba ta goge ba, kuma da la'asar sai in ga ta miƙe ta nufi taga, ta tsaya, ta gyara labule ta dawo. A makaranta mai jan gashi ta tambaye ni ina lemon, na ce an ba wata. Ta yi shewa ta tara mini yara, na shekara ana kirana maƙaryaciya.

Sati biyar Umma ta daure, sannan ta nemi izinin Baba za ta je gaida Hajiya. Ni na raka ta, don na fi ta iya karanta taswirar tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Watan Janairu ne, ruwan da ya kwanta a gefen titi duk ya daskare. Muka tarar da gidan a kulle, labule a sauke, wata tsohuwa maƙwabciya ta ce ai sun yi tafiya tun kafin Kirsimeti. Bishiyar tana nan a waje, a kan dakalin ƙofa. Ashe Hajiya ta ga Turawan layin suna ajiye korayen itatuwa a tukwane a bakin ƙofofinsu, irin waɗanda ƙanƙara ba ta yi wa komai, ita ma ta ajiye nata. An cire mata suwaitar Baba, ina jin don ba ta da kyan gani. Tukunyar ta tsage daga sama har ƙasa, ganyen ya koma ruwan ƙasa ya nannaɗe, lemo biyu babu su, ɗaya ya rage ya yi laushi ya yi duhu. Umma ta durƙusa a kan sumuntin nan mai sanyi, ta cire safar hannu, ta kankare ɓawon reshe da farce tana neman kore. Ta kankare a sama, ta sauko tsakiya, ta sauko har gindi inda ya haɗu da ƙasa. Babu. Ta tsinke lemon da ya rage ta sa a aljihun kwat, ta ce, "Mu je, kada mu rasa bas." Ta cire 'ya'yansa ta shuka a gwangwanin madara, muka yi wata uku muna dubawa, ko ɗaya bai fito ba.

Da muka koma gida Najeriya Umma ta shuka gwaba da mangwaro da zogale a tsakar gidanta, ba ta ƙara shuka lemun tsami ba. Baba mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, na yafe masa abubuwa da yawa, wannan kuwa sai da na sha fama. Ita kuma sai da ta tsufa na samu bakin tambayarta me ya hana ta magana ranar. Ta ce, "To da na yi, a ce me? A ce matar Malam ta hana baƙuwa ice?" Na ce, "A ce mana, Umma! A ce ɗin!" Ta yi murmushi ta ce har yanzu bakina bai mutu ba.

Yanzu aure da aiki sun dawo da ni London, ina Peckham, kuma idan na bi titin Rye Lane lemun tsami ga shi nan tuli a kowane shago, rani da damina. Ni ma ina da tawa bishiyar a taga, daga kanti na saya, gida da ɗumi ko'ina, babu bokiti babu alli, tana ta 'ya'ya ba tare da ta wahalar da kowa ba. Idan na murza ganyenta ƙanshin yana nan, amma ba tsakar gidan kowa ba ne. Baƙi suna yabawa, in ce na gode, in ja bakina in tsuke. Bayan rasuwar Umma, da muke buɗe akwatinta, na ga shuɗiyar wasiƙar nan ta rasuwar Inna a naɗe da wani abu a ciki. Ɓawon lemon ne, ya bushe ya yi baƙi ya ƙanƙance, shekara arba'in da wani abu tana ajiye da shi ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Na kai shi hanci, babu ƙanshin komai. Yana wurina har yau, kuma ban taɓa yi wa kowa tayinsa ba.