Littafin da na ɗora wa kwanon lalle

Jama'a, ina nan da raina. Wata biyar ba ku ga hoton hannun amarya ko ɗaya a shafina ba, har wata ta rubuto tana tambaya ko aure na yi na ɓoye. Wane aure! Cutar kalazar ce ta kayar da ni.

Ga wanda bai san ni ba, Saratu ce mai lalle, ta nan Gadarif. Kirista ce ni, amma shekara uku ƙafata ba ta taka kanisa, wato coci, ba. Da an yanke riɗi kuɗi ya shigo gari, biki sai ya bi biki, ni kuwa ba na iya ce wa amarya a'a, ko ranar Lahadi ce. Mama ta yi magana har ta gaji. Littafi Mai Tsarki na kakana, wanda ya taho da shi daga yamma, a kansa nake ɗora kwanon lalle, don tsayinsa ya yi mini daidai. Da kunya nake rubuta wannan.

Na je Basunda lallen wata amarya, muka kwana huɗu a tsakar gida gindin aduwa, ba gidan sauro. Ashe a irin wurin nan ɗan ƙwaron da ke sa kalazar yake cizo da dare. Bayan wata biyu zazzaɓi ya fara, kullum da yamma. Na ce maleriya ce, na sha magani sau biyu, shiru.

Na rame, ciki kuwa sai tasowa yake. Wata tsohuwa a kasuwa har barka ta yi mini. Ni da ko miji ba ni da shi.

Ranar da jiri ya kwashe ni a gaban amarya, maƙwabciyarmu Hajja Zainaba, Musulma ce da ta goye ni ina jaririya, ta tura ni cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku, sai mustashfa, wato asibiti. Aka huda yatsa, aka soka allura a kaluluwa aka ɗebi ruwa.

Likita ya ce, "Saifarki ta kumbura, jininki ya yi ƙasa. Da kin ƙara wata guda a gida, da wata magana muke yi."

Allura biyu kullum, kwana goma sha bakwai. Zama ya gagara, sai kwanciya rub da ciki. Maganin kyauta ne, amma ƙarin jini da abinci da mota sun cinye awarwarona biyu na zinariya.

A kwana na biyar, da hantsi, matar da ke gadon kusa da ni ta rasu. Tsoro ya kama ni sosai. Na so in yi addu'a, bakin ya ƙi buɗuwa. Wanda ka share shekara uku, da wane ido za ka ce masa taimake ni?

Da azahar sai ga Hajja da kwanon tuwon asida da wani ƙunshi cikin farin mayafi. Ta dire mini shi a ƙirji.

"Ya bitti, 'yata, kowa a ɗakin nan da carbinsa, ke hannunki wayam. Na shiga ɗauko miki kaya, na tarar da Littafinku ƙarƙashin kwanon lalle. Ba addinina ba ne, amma ba a yi wa Littafi haka. Na goge, na turara shi. Shatin kwanon ne ya ƙi fita."

Na yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta zo duba ko allurar ce.

Idona bai iya karatu ba, sai Mama ta sa tabarau tana karanta mini kowace safiya kafin allura. A lokacin ba ta ce "ban faɗa miki ba?" Ta bari sai da na warke, ta faɗa sau uku. A hankali bakina ya buɗe. Addu'ata ta farko gajeriya ce: "Yesu, ga ni na dawo, ba komai a hannuna."

Kwana na goma zazzaɓi ya sauka. A kwana na sha biyu na cinye asidar Hajja har da ta Mama.

Lahadin farko bayan sallama na laɓe a bencin baya, sai mata suka gan ni suka rangaɗa guɗa. Yanzu safiyar Lahadi ba na riƙe lalle. Wata matar attajiri ta yi fushi ta koma wurin wata. Allah ya sa hannunta ya yi kyau.

Na gode wa Ubangiji da ya karɓe ni bai yi mini gori ba. Na gode wa Mama, da ma'aikatan da suka jure ihuna, da Hajjata.

Ku kuma, zazzaɓin da ya wuce mako biyu ku je a gwada kalazar. Kada ku bari a yi muku sakiya a ciki. Ku kwana cikin gidan sauro, in kuma an fara allura ku ƙarasa ta duk zafinta.

Kwanon lalle na saya masa 'yar kujerarsa. Mama ta ce a sake wa Littafin bango, na ce a bar shi. Kowace safiya shatin nan nake fara gani kafin in buɗe.