Ƙashin da Baba Tsani Ya Sa a Aljihu

Duk wanda ya san gidan tarihin nan da sassafe ya san Baba Tsani. Sunan ya same shi ne saboda tsanin ƙarfe mai hawa goma sha huɗu da yake turowa a kan tayoyi duk ranar Litinin, abin dariyar kuma shi ne a ma'aikatan gidan kaf babu wanda ya kai shi tsoron hawa sama. Tun yana yaro ya faɗo daga katanga ya karye a hannu, bai ƙara yarda da abin da zai raba ƙafarsa da ƙasa ba. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi wankin mota, duk a ƙasa. Da ya sami aikin shara a gidan tarihi har rawa ya taka, sai a sati na biyu aka nuna masa tsani. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana hawa, har yau tsoron bai sake shi ba.

Abin da ake hawa a goge ƙwarangwal ne na wata dabbar teku da ake kira wel, an rataye shi da wayoyi daga rufin babban zaure, tsawonsa ya kai na motar bas. Masu shara sun sa wa dabbar suna Kaka. Baba Tsani ya san haƙarƙarin Kaka da ya fi tara ƙura, ya san ƙashin da ke ƙara in an taɓa shi, amma ko wace ce ita bai sani ba. Shida na safe yake shiga, tara yake fita, ƙofar baƙi kuma sai goma ake buɗe ta. Bai taɓa jin bayanin da ake yi wa 'yan makaranta ba, allon da ke ƙasanta kuwa goge shi kawai ya iya. A wurinsa Kaka ƙaton kifi ce.

Wata bakwai ya rage masa ya yi ritaya. Tsofaffin abokan aikinsa duk sun tafi, wani kamfani ya karɓi sharar gidan, shi kaɗai aka bari ya ƙarasa kwanakinsa. Dokar gidan kuma kowa ya san ta: wanda ya lalata kayan tarihi ya tafi a ranar, babu sallama, babu takardar shaida, ɗakin da aka ba shi a bayan gidan ma ya kwashe kayansa. A kan idonsa aka kori wani saboda murfin tulu. A ɗakin nan shi da maiɗakinsa suka raini 'ya'ya huɗu, a nan take shanya, a nan ta dasa lemon da ya fara 'ya'ya bara.

Wata ranar Litinin, yana kan hawa na sha biyu, ya miƙa sandarsa mai gashi can wajen gindin wutsiya, inda kullum yake gogewa ido rabi a rufe don nan ne ya fi nisa da ƙasa. Sai ya ji wani abu ya yi ƙas, ya wuce ta gefen kunnensa, ya faɗa kan tarin tsummokaransa. Ya sauko kamar wanda aka zare wa laka. Ƙashi ne siriri, ya ɗan lanƙwasa, tsawon tafin hannu da ɗan ƙari. Ya waiga hagu da dama, zauren ba kowa. Kafin ya yi wani tunani hannunsa ya riga ya kai shi aljihun rigar aiki.

Ya sake hawa ya nemi inda ya ɓalle, kuma a ranar ne ya fara buɗe ido sosai a wajen. Babu tabo, babu rami, babu alamar karaya ko ɗaya. Abin da ya gani ya fi haka muni: ɗan'uwan ƙashin yana ɗaya gefen yana reto a iska, ba ya manne da komai sai 'yar waya. Wato shekara da shekaru sandarsa tana dukansu har ta raba su da jikin Kaka, ɗaya ya faɗo yau, ɗayan yana hanya.

Da ya koma gida bai ci abincin rana ba. Ya rataye rigar a ƙusa, ya tashi ya mayar da ita ƙarƙashin katifa, ya sake ɗauko ta.

"Malam, lafiya kake kaiwa da komowa da riga kamar an ba ka ajiyar jariri?" in ji maiɗakinsa.

"Ba komai, ciki ne."

"Cikin naka a aljihu yake?"

Ya je ya tsaya a taga yana kallon bishiyar lemo. Tsoro yake ji irin wanda bai ji ba ko a ranar da aka fara nuna masa tsani.

Washegari daga aiki ya wuce rumfar ƙanin maiɗakinsa, mahauci, wanda bai taɓa ganinsa ya bar shi ba tsokana ba. Baba ya ja shi bayan firji ya warware tsumman da ya naɗe ƙashin a ciki.

"Yaya, ashe ka fara sana'ata a ɓoye?" Mahaucin ya juya ƙashin, ya shinshina, ya auna shi da yatsu. "Wannan ai na ƙugu ne, ko da yake ya rame. Na wace dabba?"

"Na kifin nan na wajen aikinmu."

"Kifi da ƙugu? Ƙugu mazaunin ƙafa ne. Shekara talatin ina fiɗa, ban taɓa ganin kifi da cinya ba."

"To ni dai daga jikinta ya faɗo. A ina yake zama?"

Mahaucin ya jawo akuyar da ke rataye, ya dafa inda ƙugu ya kama ƙashin baya. "Nan. Dam yake kama shi. In ka ga ya rabu, to wani ne ya raba shi." Da ya dubi fuskar yayan nasa sai ya daina murmushi, ya ɗauko masa wani ɗaurin waya mai laushi ya sa masa a hannu.

Ranar Alhamis ba ranar tsani ba ce, amma Baba Tsani ya turo shi. Ya hau har hawa na sha huɗu, inda bai taɓa takawa ba, ya saki ƙarfen da hannu biyu. Gumi yana shiga idonsa, tayoyin suna ɗan motsi a ƙarƙashinsa. Ya ɗaure ƙashin da ya faɗo a jikin ƙashin baya, ya jawo ɗan'uwansa shi ma ya ɗaure, dam, yadda ya gani a jikin akuya. Da ya sauko ya dube su daga ƙasa, aikin ya yi kyau ƙwarai, har ya ɗan ji sanyi a ransa.

Ranar Juma'a yana cire takalman aiki mai gadi ya leƙo ya ce malama mai kula da ƙasusuwa ta ce kada ya tafi.

Malamar nan sa'ar babbar 'yarsa ce, sau da yawa suna gamuwa a bakin ƙofa, yana fita tana shigowa. Ya same ta a tsakiyar zaure ta ɗaga kai, hannu a ƙugu.

"Baba, jiya na kawo 'yan makaranta arba'in, na ɗaga sanda zan nuna musu abin da ya fi komai muhimmanci a zauren nan, sai na ga an ɗaure shi. Wa ya hau?"

Ya yi niyyar cewa bai sani ba, bakinsa ya ƙi. Ya faɗa mata komai, tun daga ƙarar da ya ji har zuwa akuyar. Ya ce shi ya raba su da jikin Kaka, ya gyara iya yinsa, in za a kore shi a ba shi ko sati biyu ya nemi inda zai kai iyalinsa.

Ta daɗe tana kallonsa. "Baba, ba ka raba komai ba. Haka suke ko tana da rai, a cikin tsoka suke zaune, ba sa taɓa ƙashin baya. Wayar ce ta yi tsatsa ta tsinke."

"Amma mahauci ya ce ƙugu ne."

"Gaskiyarsa. Kaka ba kifi ba ce, iska take shaƙa, haihuwa take yi ta shayar da nono. Dubi hannunta, ka ga yatsu? Kakanninta da ƙafa huɗu suka yi yawo a bakin ruwa, shekara wajen miliyan hamsin da suka wuce. An tono ƙasusuwansu, idon sawunsu irin na akuyar ƙaninka. A dabbobin da ke raye yau, dorina ce ta fi kusa da ita. Suka yi ta zama a ruwa, zuriya bayan zuriya, hanci ya koma saman kai, ƙafafun baya suka yi ta ƙanƙancewa har suka ɓace, ƙugu ya saki baya. Ɗan abin da ya rage ke nan, kuma har yanzu akwai tsokar da yake riƙewa. Ayu ma haka ya bar tudu, sai dai shi dangin giwa ne. Reton nan da ka gyara, shi nake nuna wa yara."

Baba Tsani ya ɗaga kai ya dubi yatsun da ya goge sau fiye da dubu. Amma abin da ke gabansa bai wuce takardar rahoton da za ta rubuta wa shugaban gidan ba.

"Dole in rubuta, kuma gaskiya zan rubuta," in ji ta a hankali. "Har kwana ukun da ya yi a aljihunka."

Kwana biyar ya yi yana jira. Maiɗakinsa, da ta ji labarin, ba ta yi masa faɗa ba, ta dai fara tara kwalaye a bayan ƙofa, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo. Duk takun da ya ji a baranda sai gabansa ya faɗi.

Ranar Laraba shugaban gidan ya kira shi ofis, ya karanta takardar a tsaye. Babu abin da ya karye, tsinkewar waya ba laifinsa ba ce, zai ƙarasa watanninsa, ɗaki yana nan. Amma wanda ya ɓoye kayan tarihi ya kuma sa musu hannu ba izini ba zai ƙara taɓa su ba. Daga yau baranda da banɗakuna ne nasa. Kaka ta koma hannun kamfani, ya miƙa makullin tsani.

Ya yi godiya har da rusunawa. A gida maiɗakinsa ta zubar da kwalayen, mahauci ya zo yana dariya yana cewa an raba Yaya da tsani, abokin gabarsa, yanzu sai barci da minshari. Shi ma ya yi dariyar, don gaskiya ne, abin da ya roƙa shekara ashirin da bakwai ke nan.

Litinin ta zagayo, ƙarfe tara ya gama baranda, bai tafi gida ba. Ya wanke fuska, ya canza riga, ya jira goma ta yi, ya bi bayan 'yan makaranta ya tsaya a can ƙarshen zaure. Malama ta ɗaga sanda, ƙasusuwan nan biyu suna reto a sabuwar waya, yara suna ta ɗaga hannu. Ya saurara tun daga farko har ƙarshe. Mutanen kamfani sun zo da injin hura iska da safe, sun yi aikinsu daga ƙasa, daga inda yake tsaye yana hango ƙura kwance a haƙarƙari na uku, inda ta saba taruwa. Ya laluba aljihu, tsummansa yana nan, ya damƙe shi bai fito da shi ba. Tsanin yana kusurwa an sa masa kwaɗo, Baba ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya cika da hawaye.